Lambaesis, barikin da Rumawa suka riƙe Arewacin Afirka da shi

Daga gabashin Aljeriya ta yau har cikin hamadar Libiya, babbar runduna ɗaya tak Daular Rum ta girke, kuma haka aka tafi kusan shekara ɗari uku. Sojojinta dubu biyar ne da 'yan kai, sai ƙananan rundunonin taimako na mahaya da maharba da aka rarraba a bakin iyaka. Birtaniya, wadda ba ta kai wannan faɗi ba, sai da aka ajiye mata manyan runduna uku. Sunan wannan ta Afirka Legio III Augusta, wato runduna ta uku ta Sarki Augustus, kuma inda ta fi daɗewa shi ne Lambaesis, gefen garin Tazoult na yanzu, kilomita 11 kudu maso gabas da Batna, a gindin duwatsun Aurès. Duk wanda ya duba kufan wurin da idon basira zai ga amsar yadda mutane kaɗan suka riƙe ƙasa mai yawa. Takobi na ciki, amma igiyar awo da diga da alƙalami sun fi shi aiki.

Ba a Lambaesis rundunar ta fara zama ba. A zamanin Augustus tana Ammaedara, Haïdra ta ƙasar Tunisiya, kuma daga can ta yi fama da tawayen wani madugun 'yan ƙasa mai suna Tacfarinas daga shekara ta 17 zuwa ta 24 Miladiyya. Wajen shekara ta 75 ta matsa yamma zuwa Theveste, wato Tébessa. A shekara ta 81, zamanin Titus, wani reshenta ya kafa ƙaramin sansani a Lambaesis, sannan a farkon ƙarni na biyu aka gina babban barikin, wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa lokacin da Sarki Hadrian ya zo a 128. Dalilin zaɓen wurin a fili yake. Duwatsun Aurès sun tokare tsakanin Sahara da ƙasar noma ta arewa, kuma makiyayan da ke hawowa da bisashensu da bazara dole su bi ta 'yan mashigai ƙalilan, irin kwazazzabon El Kantara da ke fita wajen Biskra. Wanda ya zauna a Lambaesis ya riƙe bakin waɗannan hanyoyi. Ga idanun ruwa masu ƙarfi a kan tudu, musamman Aïn Drinn. Wurin kuma ya haura mita 1,000 sama da teku, har dusar ƙanƙara na sauka da hunturu, don haka kada a ɗauka barikin cikin rairayi ne.

Tsawon barikin mita 500 ne, faɗinsa mita 420, kusan hekta 21, abin da zai ci filin ƙwallo wajen talatin. Kusurwoyinsa huɗu a lanƙwashe suke, ganuwar ta dutse ce, da ƙofa ɗaya a kowane gefe, babbar ƙofar tana duban arewa. Hasumiyoyin ganuwar ciki suka shigo maimakon su fita waje, kuma a kansu ake kafa na'urorin harba dutse. Tsakanin ganuwa da gine-gine an bar hanya mai faɗi ta zagaye barikin gaba ɗaya, domin abin da aka harbo daga waje kada ya iske ɗakunan kwana, kuma a iya tura soja kowane gefe ba tare da cunkoso ba.

Kafin a ɗora dutse ɗaya, safiyon runduna ne ke fara aiki, da wata na'ura da ake kira groma. Sanda ce da ake kafawa a ƙasa, a samanta akwai hannu da ya karkata gefe, a kan hannun an ɗora ƙarafa biyu da suka gitta juna a kusurwa mai digiri 90, kowane baki da zare mai ɗaure da dalma yana reto. An karkatar da hannun ne domin sandar kada ta tare ido. Safiyo zai sa tsakiyar gicciyen daidai kan turken da aka buga, ya tsaya bayan zare ɗaya ya daidaita shi da na gabansa, sannan ya yi wa yaransa ishara su dinga kafa sanduna a kan layin har inda ake so. Sai ya koma ɗaya ɓangaren ya fitar da layi na biyu. Waɗannan layuka biyu su ne manyan titunan bariki: wanda ya taso daga ƙofar arewa, da wanda ya ratsa daga ƙofar gabas zuwa ta yamma. Sauran komai daga gare su ake aunawa, da ƙafar Rum mai santimita 29.6.

Matsalar groma biyu ce. Iska na kaɗa zaren, kuma ɗan kaucin da bai kai faɗin yatsa ba a wajen na'ura yakan zama mita ko fiye idan layi ya yi nisa. Shi ya sa ake awo da sassafe ko a kare zaren daga iska. Ta biyu, idan gicciyen ya ɗan lanƙwashe a hanya, kusurwar ta daina zama daidai, kuma ido ba zai gane ba. Maganinsa a juya gicciyen rubu'in zagaye a sake leƙawa: in zaren bai hau kan sandunan da aka riga aka kafa ba, na'urar ce ke da laifi. Magina kuma na da tasu hanyar, igiya mai awo uku da huɗu da biyar, wadda kowane birkila ya sani har yau.

A daidai mahaɗar titunan nan biyu ginin da ya fi komai suna a Lambaesis yake tsaye. Tsawonsa wajen mita 30, faɗinsa wajen mita 23, tsayinsa kusan mita 15, da manyan ƙofofi masu baka a kowane gefe yadda amalanke zai shige ta ciki, da tagogi a sama da ke sa a zaci bene ne. An daɗe ana kiransa praetorium, ana ɗauka gidan kwamanda ne, sai a shekarun 1970 nazarin rubutun da ke jikinsa ya nuna Rumawa da kansu groma suke ce masa, domin a kan turken awon farko aka gina shi. Wanda ake gani yau an sake gina shi ne a 267 zuwa 268, zamanin Gallienus. Rufinsa ya tafi, amma bangayen huɗu na nan, kuma a duwatsun tsakiyar bakunan ana iya ganin sassaƙen alamomin soja. A duk barikokin manyan rundunonin Rum da suka rage, daga Ingila har Siriya, da wuya a samu gini na ciki da ya tsaya da irin wannan tsayi. A ganina wannan kaɗai ya isa a ba wurin kulawar da ta fi wadda yake samu.

Groma zauren shiga ne kawai. Bayansa hedikwatar runduna take: babban fili da aka shimfiɗe da dutse, ginshiƙai sun zagaye shi, ɗakuna a jere a gefe. Wasu ofisoshi ne, wasu ma'ajiyar makamai, kuma a nan masu tono suka sami duwatsun majajjawa na gasasshen yumɓu dubbai, da ɗaruruwan ƙwallayen dutse na na'urar harbi. Gaba da filin, a kan ɗan tudu, akwai doguwar rumfar taro mai ginshiƙai inda kwamanda ke ba da umarni da yanke hukunci. Can ƙurya kuma, a tsakiya, ɗakin tutoci ne, inda ake ajiye tutar runduna mai siffar gaggafa da mutum-mutumin sarki. Ƙarƙashinsa aka haƙa taskar kuɗi. Hikimar a bayyane take: ɗakin tutoci ba ya rabuwa da mai gadi dare da rana, kuma wanda ya taɓa kuɗin ya haɗa sata da keta alfarmar wurin bauta. Masu riƙon tuta su ne ma'ajin sojoji, don haka dole su iya rubutu da lissafi. Daga zamanin Domitian albashin sojan ƙasa dinari 300 ne a shekara, ana cire masa kuɗin abinci da tufa da takalmi, ragowar wani kaso a ajiye masa a taskar nan.

Ƙananan ɗakunan da ke gefen ɗakin tutoci su suka fi ba mu labarin rayuwar mutanen. A zamanin Septimius Severus ƙananan hafsoshi da masu sana'a ta musamman sun kafa ƙungiyoyi, kowace da ɗakin taronta, kuma suka sassaƙa dokokinsu a dutse. Ta masu busa ƙaho, ta shekarar 203, ta zo mana kusan cikakkiya. Sabon shiga zai biya dinari 750. Wanda ya yi ritaya a ba shi 500, wanda aka ƙara wa girma ya bar ƙungiyar shi ma 500, wanda ya mutu a ba magajinsa 500. Wanda aka tura ƙetaren teku a ba shi guziri, 200 ga sojan ƙasa, 500 ga mahayi. Wanda kuwa aka tuɓe daga muƙaminsa, 250 zai karɓa, kuma marubutan sun haɗa da fatan kada hakan ya faru. Dubi lissafin da kyau: kowa ya zuba 750, mafi yawan abin da zai fita da shi 500 ne, ragowar ta zauna a asusu don hidimar ƙungiya da bukukuwanta. Mutanen da suka tsara wannan sun san yadda asusu ke karyewa idan fita ta fi shiga.

Mafi yawan filin bariki ɗakunan kwana ne suka cinye shi. Runduna bataliya goma ce, kowace bataliya rukuni shida, kowane rukuni mutum 80 ƙarƙashin hafsa ɗaya, ban da bataliya ta farko da ta fi sauran yawa, da mahaya 120 masu kai saƙo da leƙen hanya. Kowane rukuni na da dogon gini nasa. Mutum takwas ke raba ɗaki biyu, na gaba don garkuwa da mashi da sulke, na ƙurya don kwana, da baranda a gaba. Gidan hafsa yana ƙarshen ginin, kuma shi kaɗai yakan ci wajen da ya kai na sojoji da dama. Babu babban ɗakin girki na kowa da kowa. Alkama ake ba soja tsaba, kowane ɗaki su niƙa tasu a dutsen niƙa, su gasa burodi ko su dama, su haɗa da man zaitun da ruwan inabi mai tsami da abin da ya samu na nama da wake.

Masana na ƙiyasta rabon soja ɗaya da kusan giram 850 na alkama a rana. In an ninka da mutum 5,000, ya haura tan huɗu kullum, sama da tan 1,500 a shekara, ban da sha'irin dawakai. To hatsi mai wannan yawa maƙiyinsa laima ce. Alkamar da ta ji danshi takan ɗau zafi daga ciki, ta yi fumfuna, ƙwari su hayayyafa. Saboda haka rumbunan sojan Rum ba a dasa daɓensu a ƙasa. Ana ɗaga shi a kan gajerun bangaye, a bar kafofin iska a gindin gini, a yi wa bango kauri da matokarai daga waje saboda nauyin hatsi na tura shi, a zurara rufi sosai yadda ruwan sama zai zuba nesa da tushe. Inda aka yi sake, abin na ɓaci ƙwarai. A York ta Ingila, inda wata runduna ta zauna, an tono wani sito da ƙwarin hatsi suka cinye har sai da aka rushe shi aka danne wurin da yumɓu kafin a sake gini.

Gidan wankan bariki yana kudu maso gabashin hedikwata, kuma tsarinsa irin na ko'ina ne a daular: ɗakin sanyi, ɗakin ɗumi, ɗakin zafi. Daɓen ɗakunan zafi a kan ginshiƙan jan bulo yake, kowane bulo wajen santimita 20 a kowane gefe, an jera su tsayin da ya kai gwiwa zuwa cinya. A kansu ake ɗora manyan fale-falen bulo masu ƙafa biyu, sannan a zuba kwaɓin ƙonanniyar farar ƙasa da dakakken jan bulo, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Murhu na waje, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓe, su hau ta bulo masu rami da aka manna a bango, su fita ta sama. In aka hura wuta da ƙarfi a gini mai sanyi, daɓen ya tsage, hayaƙi ya shigo wa masu wanka, don haka a hankali ake ɗumama shi, kuma ba a son wutar ta mutu. In toka ta toshe hanyoyin ƙasa, zafi ya tsaya a bakin murhu, ƙarshen ɗaki ya yi sanyi. Ruwan da ya fito daga farin dutse irin na Aurès kuma yana barin ɓawo a cikin bututu da tukunyar dafa ruwa, sai an riƙa kankarewa. Ruwan da aka gama wanka da shi ba ya tafiya a banza, shi ake korawa ta ƙarƙashin bandakuna kafin ya fita ta lambatu.

Kilomita biyu yamma da bariki akwai wani fili mai katanga, mita 200 a kowane gefe, filin fareti. A tsakiyarsa aka kafa ginshiƙi, a gindinsa aka sassaƙa jawaban da Hadrian ya yi wa sojoji bayan ya kalli atisayensu a watan Yuli na 128, lokacin da Quintus Fabius Catullinus ke kwamanda. Babu wani wuri a daular da aka sami irin wannan rubutu. Ga rundunar kanta, sarkin ya lissafa uzurorin da kwamandansu ya gabatar masa: kowace shekara bataliya ɗaya na tafiya birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, hidimar gwamna, an ɗebi bataliya guda da mutum huɗu daga kowane rukuni an ƙarfafa wata runduna, wuraren tsaro masu nisa sun warwatsa su, kuma sau biyu suna sauya bariki suna gina sabo. Ya ce da sun yi rauni da ya karɓi uzurin, amma bai ga raunin ba. Wata ƙungiyar kuma ya yaba mata a kan katanga: aikin da wasu za su kwana da yawa suna yi sun gama a yini ɗaya, da manyan duwatsu masu nauyi marasa daidaito, waɗanda ɗaukarsu da jera su ya fi na gunduwar ƙasa wuya nesa ba kusa ba, sannan suka haƙa gwalalo a cikin tsakuwa mai tauri suka goge gefensa. Mahaya ma ya gyara musu, ya nuna ba ya son sukuwar da mahayi ba ya ganin inda ya dosa, domin ramin da aka ɓoye ne zai karɓe shi. Sarkin da ya san bambancin jera dutse mai kusurwa da mara kusurwa ya san abin da rundunarsa take yi a yawancin kwanakinta.

Gini kuwa sun yi shi. Su suka shata garin Timgad a shekara ta 100 bisa umarnin Trajan. Su suka yi tituna da gadoji da madatsun ruwa, kuma jan bulon da suka gasa na ɗauke da hatimin LEG III AVG. Garuruwan farar hula in aiki ya gagare su, Lambaesis suke aikowa a ba su aron gwani. Mafi kyawun misali wani dutse ne da aka tono a nan a 1866, wanda yanzu yake garin Béjaïa a bakin teku. Wani tsohon soja mai awon lebur, Nonius Datus, shi ya sa aka rubuta labarinsa a kai. A tsakiyar ƙarni na biyu garin Saldae, Béjaïa ta yau, ya so jawo ruwa daga idanun Toudja, kuma dole hanyar ta huda wani dutse, tsawon mita 428. Datus ya auna, ya kafa turaku a kan dutsen daga gabas zuwa yamma, ya zana taswira ya miƙa wa gwamna, ya koma bakin aikinsa. Aka sa ma'aikata haƙa daga ɓangarori biyu don su haɗu a tsakiya. Shekaru suka shuɗe, tsawon abin da aka haƙa ya wuce faɗin dutsen, ba a haɗu ba. Gwamna Varius Clemens ya rubuta wa kwamandan runduna a turo Datus. A hanya 'yan fashi suka tare shi, ya tsira tsirara da rauni, ya isa ya tarar kowa ya fid da rai.

Abin da ya gano shi ne kowane ɓangare ya karkata damansa, don haka ramukan biyu suka saɓa wa juna, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa. Yadda hakan ke faruwa ba wuya a gane. A cikin rami ba a ganin turakun da ke saman dutse. Ana shigar da layin ne daga bakin rami da 'yan alamomi kusa da juna, sai a riƙa miƙa shi ciki da zare da fitila. Kuskure kaɗan a alamomin farko yana girma da kowace mita, ga shi mai diga yakan bi inda dutse ya fi laushi in ba a tsare shi ba. Tsayi ma haka: ana auna lebur da dogon teburi mai ƙafa ashirin da kwarin ruwa a samansa, kuma in ɓangaren fita ya fi na shiga tudu, ruwa ba zai bi ba ko an haɗu. Datus ya sake awo, ya raba aikin tsakanin sojojin ruwa da wata ƙungiyar sojojin taimako, ya sa su gasa, har ramukan suka haɗu ruwa ya gudana.

Wuraren tsaron da Hadrian ya ambata sun ƙara nisa a zamanin Severus, wanda shi kansa haifaffen Leptis Magna ne a Libiya. Shi ya mai da Numidiya, yankin da Lambaesis take ciki, lardi mai zaman kansa wajen shekarar 198, Lambaesis ta zama babban birninsa, kwamandan runduna ya zama gwamna. A 198 aka kafa Castellum Dimmidi kusa da Messaad, a 201 aka kafa Bu Njem a hamadar Libiya, sai Gheriat el-Garbia da Gadamas. Waɗannan uku na ƙarshe kowanne a kan ruwa yake, a bakin hanyar da ke gangarawa Fazzan, ƙasar Garamantawa. Gadamas ɗin nan ita ce wadda fatakenta suka zo suka zauna a Kano ƙarnuka da yawa daga baya. A Bu Njem an sami rahotannin yau da kullum da aka rubuta da tawada a kan gutsattsarin fasassun tukwane, ɗaya na cewa Garamantawa sun iso da sha'ir, da alfadarai huɗu da jakuna huɗu. Aikin iyaka kenan: a ƙirga wanda ya shigo, da abin da ya ɗauko, a rubuta, a aika sama.

Babban abin da ya sami rundunar daga cikin gida ya zo. A 238 masu gonaki a Thysdrus, El Djem ta Tunisiya, suka yi wa Sarki Maximinus tawaye saboda haraji, suka naɗa tsohon gwamna Gordian sarki tare da ɗansa. Gwamnan Numidiya, Capelianus, ya ɗauki rundunar ya nufi Kartaj, aka kashe ɗan a fagen yaƙi, uban ya rataye kansa. Kafin shekarar ta ƙare jikan tsohon, Gordian na uku, ya hau mulki, ya rushe rundunar, aka watsa sojojinta. Sai 253 Valerian ya maido ta, kuma akwai rubutu a sansanin Gemellae na sojojin da suka dawo daga Raetia, can gefen kogin Danub, a wannan shekara. Wannan tarihi ana taɓa shi da hannu a Lambaesis. A duwatsu da yawa an bi sunan rundunar da cizal an kankare, sai wurin ya zama ɗan kwari mai kaushi a tsakiyar layin rubutu. Bayan 253 aka dawo aka sake sassaƙa sunan a cikin kwarin, don haka haruffan sun fi na kusa da su zurfi, wani lokaci hannun ma ya bambanta. Dutsen da ke da wannan tabo an rubuta shi kafin 238, kuma masu bincike na amfani da hakan wajen sanin shekarun gine-gine.

Gari ya tashi a gefen bariki tun da wuri. Soja na yin shekara 25 kafin sallama, kuma doka ta hana shi aure har zamanin Severus, amma mata da 'ya'ya suna nan a wajen ganuwa. Jerin sunayen sojoji da aka sassaƙa na nuna garin kowa, kuma a nan ake ganin yadda rundunar ta zama ta 'yan ƙasa: tun ana samun mutanen Italiya da na gabas, har ya zama mafi yawa 'yan Afirka ne, da dama an rubuta musu castris, wato haifaffun bariki. A garin sama, wanda titin dutse ya haɗa da bariki, akwai ƙofar Severus mai baka uku, da babban ɗakin bautar gari, da na Aesculapius, abin bautarsu na warkarwa, wanda rundunar ta gina a 162. Kusa da bariki ta gabas akwai dandalin wasa mai zagaye na shekarar 169.

Daga ƙarni na huɗu abin ya fara ja da baya. Constantine ya mai da babban birnin lardi Cirta, wadda ta ɗauki sunansa, rundunar ta ragu ta warwatse, Rumawan gabas suka gina ƙaramar ganuwa a ƙarni na shida da duwatsun tsofaffin gine-gine. Bayan haka wurin ya zauna ba kowa sosai, kuma rashin mutanen ne ya tsare shi sama da shekara dubu. Ɓarnar da ta fi muni a ƙarni na 19 aka yi ta. A farkon shekarun 1850 Faransawa suka gina gidan yari a kan kusurwar kudu maso yamma ta barikin, don tsare 'yan tawayen Paris na 1848 da masu adawa da juyin mulkin da aka yi a Faransa a 1851, kuma kufan nan ne ya zama musu mahaƙar dutse. Kujerun dandalin wasa aka kwashe kusan kaf, ƙauyen Turawa ma da duwatsun aka gina shi. Wani masani Bafaranshe, Léon Renier, ya kwafe rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa a lokacin, kuma wasu ba a san su ba sai ta kwafinsa. A gidan yarin nan aka tsare 'yan gwagwarmayar Aljeriya a yaƙin 1954 zuwa 1962, kuma har yanzu yana aiki, don haka wani yanki na barikin na ƙarƙashinsa ba a taɓa tona shi ba. Abin takaici ne ƙwarai a ce wurin da ya tsira daga ƙarnuka goma sha biyu ya sha irin wannan ɓarna a cikin 'yan shekaru a hannun mutanen da suka iya karanta abin da ke jikin duwatsun.

Mai son ganin wurin daga Batna zai taso, tafiyar minti kaɗan ce a mota. Ya fi kyau a shiga ta ƙofar arewa, a bi titin dutse zuwa groma, a tsaya a tsakiyarsa a dubi ƙofofin huɗu don a ga yadda layukan suka miƙe, sannan a wuce filin hedikwata da ɗakunan ƙungiyoyi. A nemi ginshiƙan bulo a gidan wanka, da lambatun da ke ƙarƙashin titi, da sunan da aka kankare aka mayar. Kada a juya kyamara wajen gidan yari. Garin sama da ɗan nisa, sai an hau tudu, kuma a cikin Tazoult akwai ƙaramin gidan tarihi mai daɓen ado na ƙananan duwatsu masu launi da rubuce-rubuce. Da hunturu a tafi da rigar sanyi mai kauri. Daga nan Timgad wajen kilomita 25 ce gabas, kuma ya fi amfani a gan ta bayan Lambaesis, domin ainihin garin murabba'i ne mai kusan mita 355 a kowane gefe, an yanka shi gida-gida kimanin mita 20, aikin masu awon rundunar nan da irin na'urar da suka shata barikinsu.